Ƙanƙara a Ƙasar Rairayi: Daga Nguru Zuwa Gashuwa

Layin dogon da ya taso daga Kano a Nguru ya tsaya, tun shekarar 1930, kuma shi ya mayar da tsohon mazaunin Galadiman Borno kasuwar da ake ji da ita a wannan yanki. Gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen nama, duk nan ake tara su a loda zuwa kudu. Yau tashar jirgin ta yi sanyi, amma garin bai daina karɓar baƙi ba. Mangawa da Fulani da Badawa da Hausawa, kowa da harshensa a gida, a kasuwa kuwa Hausa ce ke haɗa ciniki.

Ni ta mota na shiga, ta Haɗeja da Malam Madori da Birniwa, a ƙarshen hunturu, lokacin da iska ba ta gama kwanciya ba amma rana ta fara nuna abin da ta tanada wa bazara. Zumunci ne ya kai ni, ba wasa ba. Sai dai duk wanda ya sauka a garuruwan nan ya san cewa da an idar da la'asar, ƙafar matasa wuri ɗaya take nufa, kuma mai masaukina bai bar ni a gida ba.

Filin wata makarantar firamare ne, babu ciyawa ko ɗaya, rairayi ne zalla. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai taka leda. A kan rairayi ƙwallo ba ta gangarawa, in ka tura ta ƙasa-ƙasa sai ta mutu a rabin hanya, don haka yaran nan sun tashi da ɗaga ta sama. Ga kuma iska daga arewa maso gabas, tana bin tsawon filin. Ƙungiyoyin unguwa biyu ne suka kara, masu jar riga da masu shuɗiya. Masu ja suka fara da iska a bayansu, suka matsa, kafin a je hutun rabin lokaci suka zura ƙwallo ɗaya mai kyau. Sun fi abokan karawarsu iya wasa, kowa ya gani.

Da aka dawo aka sauya gida, sai kocinsu ya fara ɗaga murya: "Ku koma baya! Ku tsare gida!" Suka koma. Ɗan gabansu ɗaya aka bari a tsakiyar fili yana kallo. Duk ƙwallon da 'yan baya suka doka don su huta, iska ta riƙe ta ta dawo musu da ita. Masu shuɗi, waɗanda da ba su iya haɗa bugu uku a jere, yanzu su ke da fili, su ke da lokaci. Gola ya ture ta farko, ya ture ta biyu, ta uku ta kufce masa a gaban raga wani ya sa ƙafa. Saura ƙiris a tashi, aka bugo kwana, aka yi cakwakiya, ta shiga. Biyu da ɗaya.

A teburin mai shayi da daddare aka zauna shari'a. Wannan ya ce gola ne, hannunsa ba ya riƙo. Wancan ya ce lafari ya ƙara lokaci da gangan. Wani ya rage murya ya ce ai an yi musu aiki. Mafi yawa dai suka tsaya a kan maganar da muka saba rufe kowace muhawara da ita, wai ƙwallo sa'a ce. Akwai wani dattijo a gefen benci, tsohon malamin wasanni da ya yi ritaya, wanda ya shekara da shekaru yana koyar da ƙwallon gora, wato hokin fili, a makarantun sakandare. Jihar Yobe tana da suna a wannan wasa a Najeriya, ƙungiyarta ta mata, Yobe Desert Queens, ba baƙuwa ba ce ga masu bin gasar ƙasa. Dattijon ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya ce:

"Yara, ku daina ɗaukar alhakin gola. Tun da na ji kocinku ya ce a koma baya, na san za a ci ku. Ba ku rasa ƙafa ba, fili kuka bayar."

Ya juyo gare ni. "Malam, ka taɓa kallon hokin ƙanƙara?"

Na ce, "Baba, sai dai a labarai."

Ya zaro waya daga aljihun gaba. Ɗansa ne ke sauke masa wasannin in ya samu intanet mai ƙarfi. Ya ce shi bai taɓa taka ƙanƙara ba, amma bai ga wasan da ke tona asirin yadda ake samun damar ci kamar wannan ba, domin komai a cikinsa yana faruwa da sauri kuma yana maimaituwa, har mai ƙirga ya samu abin ƙirgawa. Abin da ya nuna mini a daren nan, da abin da na bi diddigi na karanta daga baya, su suka zame mini abokan tafiya har Gashuwa.

Wasan dai ga yadda yake. Fili ne na daskararren ruwa, a gasar NHL ta Amurka da Kanada tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, an kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare mutum 6 har da gola, sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, riƙe da gora mai lanƙwasa. Maimakon ƙwallo, wani ɗan baƙin faifai na roba ake kora, wanda bai cika tafin hannu ba. Ragar ƙarama ce, faɗi ƙafa 6, tsayi ƙafa 4, ga gola ya cika ta da kayan kariya. Ana yin zango 3 na minti 20-20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya daɗewa a ciki, kafin minti ɗaya ya cika yawanci ya fita wani ya shigo, wasa bai tsaya ba. Ƙungiya takan kai hari raga wajen sau 30 a wasa, ta ci kamar 3. Wato a bugu 10, ɗaya ke shiga. Duk ilimin wasan ya ta'allaƙa ne a kan tambayar wane ne wannan ɗayan, kuma a wane hali ake samunsa.

Ba wasan da ba ruwanmu da shi ba ne gaba ɗaya. Ɗan Najeriya na farko da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a Kanada, ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta. Jarome Iginla kuwa, wanda ya ci ƙwallo 625 a gasar, mahaifinsa daga Najeriya ya je Kanada.

Abu na farko da masu ƙididdigar wasan suka tabbatar shi ne wanda dattijon ya faɗa wa yaran. Ƙungiyar da ke gaba da ci takan ja da baya, wadda ake ci kuwa takan fi kai hari, kuma wannan bambanci yana ƙaruwa yayin da lokaci ke ƙarewa. Abin ya yi ƙarfi har in ana auna ƙwazon ƙungiya sai an ware wasan da ta yi ana kunnen doki daga wanda ta yi tana gaba ko tana baya, in ba haka ba lissafin ya yi ƙarya. Ba 'yan wasan ne suka canza ba. Allon ci da agogo ne suka canza musu zuciya.

Dattijon ya nuna mini wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver, ranar 28 ga Fabrairu 2010, Kanada da Amurka. Kanada ta yi gaba da biyu da nema, a gidanta, gaban mutanenta. Amurka ta farke ɗaya. A zango na uku Kanada ta koma tsaron abin da ta samu. Da lokaci ya zo ƙarewa, Amurka ta cire golanta, Ryan Miller, ta shigo da ɗan gaba a madadinsa, ta bar ragarta a buɗe. Mutum 6 suka taru a kan mutum 5. Saura daƙiƙa 24, faifai ya kuɓuce a bakin raga, Zach Parise ya tura shi ciki. Aka tafi ƙarin lokaci, inda doka ta rage kowane ɓangare zuwa mutum 4 banda gola. Fili ya buɗe. A minti na 8, Iginla, yana faɗuwa a jikin katanga, ya miƙa wa Sidney Crosby, shi kuma ya ƙare zance. Wasa ɗaya, amma hali uku daban-daban, kuma kowane hali da irin ƙwallon da ya haifa.

Mu da muka girma da Super Eagles ba sai an fassara mana wannan ba. A gasar Olamfik ta Atlanta 96 Brazil tana gabanmu da 3 da 1, ta saki jiki, Ikpeba ya ci a minti na 78, Kanu ya farke a na 90, ya kuma ƙarasa a ƙarin lokaci. Mun ɗauke shi abin al'ajabi, kuma haka yake. Amma akwai sababi a ƙarƙashinsa, kuma sababin nan ne ya ci masu jar riga a filin firamare.

Cire gola shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A hokin ƙanƙara al'ada ce tsohuwa, kusan kowane koci yana yi in ana cin sa da ɗaya, amma shekara da shekaru sai saura minti ɗaya ko ɗaya da rabi ake yi. Wasu ma ba sa yi sam. A gasar Olamfik ta Lake Placid, ranar 22 ga Fabrairu 1980, Tarayyar Sobiyet ta kai hari raga sau 39, matasan Amurka sau 16, amma Amurka ce ke gaba da 4 da 3 saura minti 10. Kocin Sobiyet, Viktor Tikhonov, bai cire golansa ba har aka tashi. Ƙungiyar da ta saba zama a gaba ba ta da sabo da halin wanda ake ci.

Wanda ya girgiza al'adar shi ne Patrick Roy, tsohon gola da kansa, lokacin da yake horar da Colorado. A watan Afrilu 2014, a wasan farko na zagayen neman kofi da Minnesota, ana cin sa 4 da 3, ya cire gola saura minti 3. Paul Stastny ya farke saura daƙiƙa 13, suka kuma ci wasan a ƙarin lokaci. A 2018 wasu masana lissafin kuɗi biyu, Clifford Asness da Aaron Brown, suka zauna suka ƙirga, suka ce in ana cin ka da ɗaya, lokacin da ya fi dacewa ka cire gola shi ne saura kimanin minti 6. Hujjarsu mai sauƙi ce. Raga a buɗe tana jawo a ƙara maka ci, gaskiya ne, mafi yawan lokuta hakan ke faruwa. Amma wanda aka ci da ɗaya da wanda aka ci da biyu, maki ɗaya suka tashi da shi, wato babu. Abin da kawai ke da daraja shi ne damar farkewa, ita kuwa tana buƙatar lokaci. To me ya hana koci-koci yi? A ganina kunya ce. Bahaushe ya ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma koci da yawa sun gwammace a ci su da mutunci da su gwada abin da in ya ƙi za a yi da su a gari. Ina jin nauyin wannan kunyar, ba na raina ta. Amma 'yan wasan da suka yi gumi suna da haƙƙin a ba su mafi girman damar da lissafi ya yarda da ita.

Daga Nguru zuwa Gashuwa kilomita 60 ne da wani abu, ta Jajimaji. A hagu ƙasa ce mai tudun rairayi da ke miƙewa har iyakar Nijar, a dama kuwa fadama ce, goruba da kaba da gonakin rani, da kacalar da ta cinye hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya wa kogin Haɗeja ɗabi'a. Can ciki ne Dagona take, inda tsuntsayen Turai ke zuwa cin rani, wurin da Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. A cikin motar, wasu samari biyu suna ta musu a kan wani wasan Firimiya da aka ba wa wani jan kati amma ƙungiyarsa ta ƙi bari a ci ta. Ɗaya ya ce, "Mutum goma wani lokaci sun fi sha ɗaya wuya." Direba ya ce, "Wallahi haka ne, ɗan'uwa."

A hokin ƙanƙara wannan hali ba sai an jira shi wata-wata ba, sau da yawa yake zuwa a kowane wasa. In ka yi ƙeta, a fitar da kai na minti 2, ƙungiyarka ta zauna da mutum 4 a gaban 5. A matsakaici, cikin irin wannan dama 5, ɗaya ce ke zama ci. Wannan adadi ya ninka abin da ake samu in ana daidai wa daida, amma a lura, sau 4 cikin 5 masu rinjayen mutum suna tashi a tutar babu. Da can mai laifi sai ya cika minti biyunsa ko an ci nawa. A ranar 5 ga Nuwamba 1955, Jean Béliveau na Montreal ya ci Boston ƙwallo 3 cikin daƙiƙa 44 a irin wannan hali, kuma kafin kakar 1956 ta fara aka sauya doka: da zarar an ci, mai laifi ya dawo. Ƙungiyar da ta fi kowa iya cin moriyar wannan dama a tarihin ƙididdigar NHL ita ce Edmonton a kakar 2022 zuwa 2023, da Connor McDavid da Leon Draisaitl, kuma ita ma kashi 32.4 cikin 100 ta kai. Ko su, biyu cikin uku sun wuce su.

Abin da ke raba masu cin moriya da masu asara shi ne shiri. Masu mutum 4 sukan dunƙule a gaban raga, su bar maka gefe, su ce buga daga can in ka so. In ka biye musu ka yi ta bugu daga nesa, ka yi musu aiki. Masu hankali sukan juya faifan daga wannan gefe zuwa wancan har sai dunƙulen ya tsage. Ƙarin mutum ba ci ba ne, ƙarin fili ne, kuma fili sai wanda ya san abin da zai yi da shi. Na tuna ranar 5 ga Yuli 1994, a gasar duniya a Amurka. Muna gaban Italiya da ƙwallon Amunike, aka ba ɗan wasansu Zola jan kati a minti na 75. Muna da ci, muna da ƙarin mutum, saura kwata. Ba mu nemi ta biyu da gaske ba, ba mu kuma riƙe ƙwallo yadda za ta gajiyar da mutum goma ba. Baggio ya farke a minti na 88, ya ƙara da fanareti a ƙarin lokaci. Har yau in na tuna sai na ji zafi, domin hali biyu mafi alheri da ƙungiya za ta roƙa sun haɗu a hannunmu a lokaci ɗaya.

Gashuwa gari ne na bakin kogi, fadar Mai Bade, kuma tun 2013 akwai jami'ar tarayya, ga tsohuwar kwalejin ilimi ta Umar Suleiman. Zafinta sananne ne. In bazara ta kama, musamman in ta haɗu da azumi, ƙanƙara kaya ce mai tsada, ana sayar da ita gutsure-gutsure, ana naɗe ta a buhu da ɓuntun shinkafa ko garin katako don kada ta narke kafin magariba. A irin wannan gari na zauna ina yi wa mutane zancen masu gudu a kan ƙanƙara, kuma ba wanda ya ga baƙon abu a cikin zancen da zarar an zo kan dabara.

Da safe na sauka bakin kogin Yobe na tsaya kallon wani masunci da birgi. Ya daɗe a tsaye cikin kwalekwale bai jefa ba. Wani yaro a gaɓa kuwa sai jefawa yake ta yi, yana jawo ruwa da ciyawa. Da masuncin ya jefa, a wani lungu da ruwa ke juyawa, ya jawo abin kirki. Haka bugun raga yake. Ba yawan jifa ba ne, gurbi ne.

Da yamma aka haɗa ni da wani matashin koci, ɗalibi ne, yana horar da yaran unguwarsu ba tare da ko sisi ba. Shi ne mutum na farko da na gani a bakin filin unguwa riƙe da littafin rubutu. Ya zana raga da da'irar gola a kowane shafi, duk inda aka buga ƙwallo ya ɗiga alama, in ta shiga ya kewaye ta. Ya ce, "Yallaɓai, ido ba mudu ba ne, amma ni na gaji da kima, awo nake so." Ya buɗe mini shafukan. Ɗige-ɗige sun cika nesa da raga, amma kusan duk masu kewaye suna cunkushe a wuri guda, tsakanin ɗigon fanareti da bakin raga.

Abin da ya gano da biro shi ne abin da manyan ƙungiyoyin NHL ke biyan ma'aikata su ƙirga. Akwai wani yanki a ƙirjin raga, tsakanin da'irori biyu da aka zana a kan ƙanƙarar, ɗaya a hagu ɗaya a dama, inda mafi yawan ƙwallaye ke fitowa. Bugu daga can nesa, in gola yana ganinsa tun daga tasowa, da wuya ya shiga. Abubuwan da ke ɗaga darajar bugu sanannu ne: a tsaya wa gola a gaba ya kasa gani, a karkatar da faifan a hanya, a bi wanda ya ture kafin ya miƙe, ko a ratsa da shi daga gefe zuwa gefe dab da bugu, gola ya tashi daga wannan turke zuwa wancan. Wani tsohon golan New York Rangers, Steve Valiquette, ya yi suna wajen nuna cewa wannan ratsawa ta tsakiya tana cikin abubuwan da suka fi kashe gola. Alexander Ovechkin ya gina rayuwarsa a kan haka. Shekaru kusan 20 yana tsayawa a da'irar hagu yana jiran a ratso masa, kowa ya san inda yake, amma ba a iya hana shi ba, domin in ka je ka tsare shi ka buɗe wani wurin. Ranar 6 ga Afrilu 2025 ya ci ta 895, ya wuce 894 ta Wayne Gretzky, daga wannan gefe na hagu, kuma abokan karawa suna da mutum a waje.

Masu ƙwallon gora na fili, irin ɗaliban dattijon Nguru, dokarsu ma ta rubuta musu wannan: ƙwallo ba ta zama ci sai an taɓa ta a cikin rabin da'irar da ke gaban raga. Shi ya sa suke tashi da sanin cewa aikin shi ne shiga da'irar, ba harbi daga ko'ina ba.

Kocin ya tambaye ni batun doguwar ƙwallo, domin yaransa da sun samu sai su ɗaga ta gaba su bi da gudu. Na gaya masa cewa a hokin ƙanƙara an yi wannan muhawara. Akwai masu jefa faifan can lungu su bi shi, akwai masu shiga da shi a gora. Wani nazari da Eric Tulsky da abokansa suka gabatar a 2013 ya nuna shiga da shi a gora yana haifar da hari ninki biyu ko fiye. Amma ban ce masa ya kwafa ido rufe ba. Jefawa tana da dalilinta: a shekarun 1990 ƙungiyoyi irin New Jersey, wadda ta ɗauki kofin Stanley a 1995 ƙarƙashin Jacques Lemaire, sun ƙware wajen toshe tsakiyar fili, duk wanda ya zo ratsawa a ƙwace a juya kansa. Ci ya yi ƙaranci har a 2005 aka sassauta dokar doguwar miƙa don a buɗe wasan. A rairayin Gashuwa, ƙasa da kanta ce ke toshe tsakiya. Don haka doguwar ƙwallo ba laifi ba ce a nan. Laifin shi ne a ɗaga ta babu wanda aka shirya zai tsaya inda za ta faɗo ta biyu, da kuma a ɗaga ta iri ɗaya ko iska tana bayanka ko tana fuskarka.

Har wannan sauya gida da muke yi a hutun rabin lokaci yana da ɗan'uwa a can. A zango na biyu, kowace ƙungiya tana tsaron ragar da ke nesa da bencinta, sai canji ya yi wuya, gajiyayyu su maƙale a ciki, kuma an lura ana yawan cin ƙwallo a wannan zango. Koci mai lura yana shirya wa wannan tun kafin a fara. Kocin masu jar riga ya san iska za ta juya masa bayan hutu. Lokacin neman ƙwallo ta biyu da ta uku shi ne lokacin da take bayansa.

Muka zo kan cire gola, ya yi dariya ya girgiza kai. Ya tuna mini da golan Jamus, Neuer, a gasar duniya ta 2018, yadda ya haura har gidan Koriya ta Kudu, Son ya tura ƙwallo a ragar da babu kowa. Na ce gaskiya ne, amma Jamus an riga an ci ta, tana kan hanyar gida ko da ɗaya ko da biyu. Na kuma yarda da shi cewa ƙwallon ƙafa ba hoki ba ce: mutum ɗaya cikin 11 bai kai nauyin mutum ɗaya cikin 6 ba, raga kuma gari guda ce. Ba gola za a cire ba. Abin ɗauka shi ne lokaci. In ana cin ka da ɗaya a wasan da kunnen doki ke da amfani, kasadar da kake ajiyewa sai minti biyar na ƙarshe ta makara.

Kafin in bar garin yaransa suka yi wasa da wata unguwa ta ƙetaren kasuwa. Aka ci su ɗaya tun kafin hutu. Da aka dawo, da sauran lokaci mai yawa, ya kira ɗaya daga cikin 'yan bayansa, dogo, ya tura shi gaba ya tsaya a gaban gola, ya ce 'yan gefe su daina harbi, su ratso ƙasa-ƙasa daga kusa da layi. Wasan ya sauya nan take. Sau biyu ƙwallo ta gilma a bakin raga babu wanda ya taɓa, sau ɗaya ta daki turke, sau ɗaya gola ya ture da ƙafa. Can kusa da tashi aka ƙwace ƙwallo a tsakiya, ɗan gaban waɗancan ya samu fili shi kaɗai, ya ƙara ta biyu. Wasu 'yan kallo suka taso masa da faɗa, wani dattijo yana cewa, "Kai yaro, wa ya ce ka buɗe gida?" Ya rusuna ya ba shi haƙuri.

Da jama'a suka watse ya nuna mini shafin ranar. Ɗige-ɗigen zango na biyu duk a ƙirjin raga suke, abin da bai samu ko ɗaya ba a zangon farko. Na ce, "To Koci, wasa na gaba fa?"

Ya ce, "Zan sake, Yallaɓai. Amma ɗan tsakiya ɗaya zai tsaya a da'ira, ba zai haura ba ko me ake ciki. Kuma dogon nan, daga gobe zai fara koyon sa ƙafa a ƙwallon da aka ratso."